Bashin da Sabon Ɗalibi Yake Bin Na Gaba da Shi

Duk lokacin da Jami'ar Maiduguri ta ɗebi sababbin ɗalibai, harabarta da ke kan titin Bama kan cika da samari da 'yan mata rungume da fayil, suna zarya daga wannan ofis zuwa wancan don neman mai sa musu hannu a takardar rajista. A cikinsu akwai waɗanda suka zo koyon aikin injiniya, karatun shekara biyar da ya yi suna wajen tankaɗe mutane tun a shekarunsa biyu na farko. Wani daga Biu yake, wani daga Gwoza ko Monguno, wani daga Potiskum ko Mubi, wani kuma daga kudancin ƙasar nan. Akwai wanda ya yi sakandare a makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wanda makarantarsu ma gudun hijira ta yi, aka kwaso ta daga garinsu aka tsugunar a cikin birni, bai taɓa ganin kayan awo ba sai a hoton littafi. Duk a zaure ɗaya za a zuba su, a yi musu lakca ɗaya, a ba su jarrabawa ɗaya. To, ɗan aji uku ko huɗu da ya gifta ta gaban irin wannan baƙo, ya kuma san ramin da yaron zai faɗa tun shi bai hango shi ba, idan ya tsaya ya kama hannunsa, alfarma ya yi masa ko kuwa bashi ya biya? Yawancinmu za mu ce alfarma ce: wanda ya yi a gode masa, wanda bai yi ba babu mai tuhumarsa. Ni kuwa ina ganin bashi ne, irin wanda idan manyan ɗalibai suka taru suka danne shi, akwai abin da za su amsa a gaban Allah.

Hujjar tana farawa ne daga matsayin shi kansa karatun. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo rarraba ilimi a farkon Ihya'u Ulumiddin, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, bisa cewa duk abin da zaman duniya ba ya daidaita sai da shi, idan gari ya rasa mai yinsa mutanen garin duka sun shiga laifi. Maiduguri ta san ma'anar wannan a jikinta. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Kafin nan, a farkon 2021, an tarwatsa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, Maiduguri ta yi wata da watanni cikin duhu, lamarin da ya kai ga gina tashar lantarki mai aiki da iskar gas wadda aka buɗe a 2023. Gada, magudanar ruwa, rijiyar burtsatse, taransifoma, famfo mai aiki da hasken rana a garuruwan da ake mayar da 'yan gudun hijira, kowannensu yana jiran wanda ya san lissafinsa.

Sai dai mukan ɗauki farillar kifaya da sauƙi fiye da kima, kamar dai abin da take nufi shi ne wani zai yi. Malaman usulu suna da ƙa'idoji biyu da ke toshe wannan kafa. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Sannan farillar kifaya takan koma kan mutum guda idan ya zama shi kaɗai ne a inda za a iya sauke ta. Wanda ya iya iyo, ya ga yaro yana nutsewa, babu kowa a gaɓa sai shi, ba zai fake da cewa ceto aikin al'umma ne ba. Idan samar da injiniyoyi wajibi ne a kan Barno, wajibin bai sauka ba ranar da aka kafe sunayen waɗanda suka sami gurbi. Sai ranar da yaron ya fita da ilimin a kansa yake sauka, kuma duk wanda ya zube a hanya, alhali da an tallafe shi da ya kai, giɓi ne a cikin farillar. Wane ne kuwa yake tsaye a gaɓar? Lakcara yana da ɗaruruwan ɗalibai a gabansa, bai san sunan mafi yawansu ba. Iyaye suna gida, da yawansu ba su taɓa taka jami'a ba, abin da suke iyawa addu'a ce da kuɗin mota. Wanda ya rage shi ne wanda ya ci wannan kwas ɗin bara ko bara waccan, suna kwana a hostal ɗaya da yaron, suna bin layin famfo ɗaya.

Wani zai ce ai wanda zai ci zai ci, wanda kuma kansa ba ya ja, ko jiƙa masa aka yi ya sha a banza. Abin da aka gano ya saɓa wa wannan. A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya damu da yadda ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa a kalkulas alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna tsallakewa. Abokan aikinsa sun kawo dalilan da kowa zai kawo: talauci, raunin sakandare, rashin himma. Shi kuwa sai ya ɗauki mutum 20 daga kowane ɓangare ya bi su yana kallon yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen ba su gaza kowa himma ba, illa dai kusan dukkansu su kaɗai suke karatu, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Su kuwa Sinawan, bayan kowa ya yi nasa, sukan haɗu su ci abinci tare, su duba aikin juna, wannan ya kama kuskuren wancan. Da ya kafa zaman aiki na rukuni, bai kira shi ajin raunana ba, tambayoyin da suka fi na aji wuya ma ya riƙa ba su. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, har jami'o'i da dama a Amurka suka kwaikwayi tsarin. Mai karatu shi kaɗai idan ya kasa warware tambaya ba shi da hanyar sanin ko tambayar ce mai wuya ko shi ne daƙiƙi, kuma yawanci hukunci na biyun yake yanke wa kansa.

Abin da babba yake miƙa wa ƙarami sau da yawa ɗan kaɗan ne, kuma malami bai cika tsayawa a kansa ba don yana ganin kowa ya sani. A ɗauki zanen injiniya. Yaro ya shimfiɗa takarda a kan allon zane, ya manne kusurwoyinta huɗu, ya kwana yana jan layi, ya fitar da aiki fes. Sai a dawo masa da shi jawur da jan biro, domin ya ajiye hoton abin ta sama a ƙarƙashin hoton gaba alhali tsarin da aka nema a samansa yake, ko domin ya ja layin awo da kauri ɗaya da layin jikin abin. Ɗan aji uku da zai leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, duba 'yar alamar nan mai kama da mazurari kafin ka ja layi ko ɗaya, ka kuma ware fensir mai tauri don layin awo," ya cece shi daga asarar dare guda da karayar zuciyar wata guda. Haka wanda zai gaya masa ya duba kalkuletarsa kafin ya shiga jarrabawa, kada tana kan digiri alhali tambayar da radiyan take. Ko ya gaya masa wane kwas ne idan ya zama kariyoba zai tare masa hanyar wasu a gaba. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Musulunci bai bar irin wannan lamari ga kirkin zuciya kawai ba. Da Muhajirai suka isa Madina ba gida ba jari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya ga yi wa mutanen gari wa'azin kyautata wa baƙi ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutum da mutum, kowa ya san nasa da suna. Nauyin da aka ɗora wa kowa da kowa yakan ƙare babu mai ɗauka, amma wanda aka ce masa wane naka ne ba shi da inda zai laɓe. Labarin Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u kuma ya nuna iyakar abin. Sa'adu ya yi tayin raba dukiyarsa biyu, Abdurrahman ya sa masa albarka, ya nemi kawai a nuna masa hanyar kasuwa, bai daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ake nema wurin ɗan aji huɗu bai wuce wannan ba. Babu wanda ya ce ya goya yaron har aji biyar.

Barno kuwa ba ta bukatar a aro mata wannan darasi daga Amurka. Shekaru aru-aru almajiran ƙasar Hausa suna cewa za su gabas, nan suke nufi, domin a nan gwanayen Alƙur'ani suke. Duk wanda ya lura da tsangaya ya san alaramma guda ba zai iya biya wa kowane yaro allonsa ba. Aikin a hannun gardawa yake. Ƙolo ya wanke allo ya shanya, gardi ya rubuta masa sabon darasi, ya zaunar da shi a gabansa, ya ɗora yatsa a kan baƙi, ya faɗa yaron ya maimaita, ya sake faɗa ya sake maimaitawa, har bakin yaron ya kama. Da asuba a gefen wutar kara kowa na ƙasa yana karantawa na sama da shi na ji, alaramma na gefe ya kasa kunne, idan wani ya karya wasali ya ɗaga murya daga inda yake ya gyara. Babu gardin da ke ɗaukar biyawar nan alfarma, domin shi ma haka aka yi masa, kuma ya san babu abin da ke zaunar da hadda kamar biya wa wani. Wannan kaɗai ya isa amsa ga ɗalibin da ke tsoron kada wanda ya koyar ya wuce shi. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 ma mutanen Kanem suka kashe dukiya suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, don ɗan ƙasarsu da ya isa Masar ya sami masauki cikin waɗanda suka riga shi. Abin mamaki ne ƙasar da ta gaji wannan, da aka kafa mata jami'a a 1975, ta wayi gari tana ɗaukar karatu tsere. Ba a rasa masu yi ba, domin ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista da na sassa duk sukan shirya tutoriyal. Amma muddin ana kallon abin a matsayin nafila, sa'a ce za ta riƙa zaɓar wanda zai samu, kuma yaron da ya fi kowa kunya, wanda shi ya fi bukata, shi za a tsallake.

Suka ta farko a kan wannan ra'ayi daga cikin al'adar malanta take fitowa: ilimi daga bakin malami ake ɗaukarsa, mai rabin sani kuma ya fi jahili haɗari. Ɗan aji uku da ya tsallake kwas da ƙyar zai iya dasa wa yara goma kuskuren da zai bi su har wurin aiki. Gaskiya ne. Amma Maliku ɗan Huwairis da abokansa samari kwana 20 kacal suka yi a wurin Annabi, ya mayar da su gida su koyar da mutanensu, domin abin da aka ɗora musu shi ne isar da abin da suka tabbatar. Manyan makarantun Bagadaza da Alƙahira na da ma suna da muƙamin mu'idi, ɗalibin da ya yi nisa wanda ke maimaita wa 'yan'uwansa darasin shehi bayan an tashi. Sharaɗin biyu ne: a sami alaramma mai kasa kunne, kuma mai biyawa ya tsaya inda saninsa ya tsaya, ya iya cewa ban sani ba, mu je wurin malam. Mutanen da ke bin mazhabar Imamu Malik, wanda ya shahara da yawan faɗin bai sani ba, bai kamata wannan ya yi musu nauyi a baki ba.

Suka ta biyu ta fi ciwo, kuma a Maiduguri babu mai ɗaukarta da wasa. Wannan gari ya ga abin da kan faru idan matashi mai baki ya tara ƙannensa ya zame musu uwa da uba. Markaz ɗin Muhammad Yusuf, kafin a rushe shi a Yulin 2009, ba da wa'azi kaɗai ya ja mutane ba. Ya ba su abinci, da jari, da aure, da jin cewa akwai wanda ya san da zamansu, har wasu 'yan boko suka yayyaga takardun shaidarsu. Jami'ar kanta ta ɗanɗana abin da ya biyo baya har a masallaci, inda harin 16 ga Janairu, 2017 ya ci ran Farfesa Aliyu Mani. Ko a ƙasa da haka, girma yakan zama sanda: gardi ya mayar da ƙolo bawa, babban ɗalibi ya mayar da tutoriyal tarkon 'yan mata ko rumfar neman ƙuri'a. Amma a duba abin da labarin Markaz yake nunawa. Yaron da ya baro garinsu yana da yunwar a san shi, kuma idan mutanen kirki suka kame hannunsu, ba zama zai yi shi kaɗai lafiya lau ba, wani ne zai tsince shi. Abin yi shi ne a iya bambance zaman da ke gina mutum da wanda ke haɗiye shi, alamun kuwa a fili suke: ana yinsa a sarari, a aji ko a inuwar darbejiya inda kowa ke wucewa, yana tura yaro wajen malamansa maimakon raba shi da su, kuma babban yana farin ciki ranar da ƙaramin ya daina bukatarsa. Game da 'yan mata, bayan tsare mutunci akwai dalili na ilimi. Binciken da Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta suka wallafa a 2017 a kan sababbin ɗalibai mata 150 masu karatun injiniya a Jami'ar Massachusetts ya nuna cewa waɗanda aka haɗa da babbar ɗaliba mace babu ko ɗaya da ta bar fannin a shekarar farko, saɓanin waɗanda aka haɗa da namiji ko aka bar su haka nan. A ajin da mata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, yarinya na bukatar ta ga wata ta bi hanyar ta kuma fita.

Akwai mai cewa taimakon nan da ake ta yabo, a aikace kwafe ne: babba ya miƙa wa ƙarami tsohon rahoton gwaji, a canza suna a kai wa malami. Nan babu wurin shakka, domin ayar da ta yi umarni da taimakekeniya a farkon Suratul Ma'ida ita ce dai ta hana taimakon juna a kan saɓo. Wanda ya ba yaro aikin da zai kwafa sabon bashi ya ci. Wannan yaro zai fita, wata rana ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ya buga hatimi a kan zanen gada ko bene, mutanen da ba su san an yi kwafen ba su hau. Bukatar jama'a ga wanda ya iya, wadda ita ta wajabta taimakon, ita ce ta haramta wannan irinsa. Masu tsoron kada hukuma ta miƙe ƙafa idan ɗalibai suka ɗauki nauyin juna su ma suna da abin dubawa, ganin an yi yajin aikin malamai na wata takwas a 2022, kuma babu tutoriyal ɗin da zai maye gurbin injin gwaji. Sai dai sakacin wani ba ya sauke wa wani nasa nauyin, yaron da ke gabanka a wannan zangon kuwa ba zai jira a gyara kasafin kuɗin ilimi ba. Rabon jami'a a nan ma ba mai tsada ba ne: ta haɗa sunaye tun makon rajista, ta bar aji a buɗe da yamma, ta sa malami guda ya riƙa leƙawa.

Saura tambayar da mukan kauce wa: wane baƙo ne ke bin bashin? A aikace taimako yakan bi layin masallaci ko coci ko yare. Babarbare ya nemi Babarbare, ɗan Chibok ya nemi ɗan Chibok. Babu laifi mutum ya fara da na kusa, amma hujjar ba ta san wannan iyaka ba, tunda daga bukatar gari ta taso, madatsar da za ta tare ruwa gobe kuwa babu ruwanta da addinin wanda ya yi lissafinta. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Makka da ba su da abin fansa amma sun iya rubutu, koyar da yaran Madina aka karɓa a madadin fansarsu, alhali ba Musulmi ba ne. Idan ilimin rubutu ya tsallaka daga abokin gaba zuwa 'ya'yan Musulmi a lokacin yaƙi, da wace hujja za a hana kalkulas tsallakawa tsakanin Musa da Bitrus da ke kwana ɗaki ɗaya?

Bashin kuma ba kullum daga sama yake gangarowa ba. Kowace shekara akwai masu shigowa da difloma daga Kwalejin Fasaha ta Ramat da ire-irenta, su faɗo a aji biyu cikin mutanen da suka riga suka saba da juna. Su ne baƙin da aka fi mantawa da su, don ba a yi musu kallon sababbi. Gwamna Babagana Umara Zulum irin wannan hanya ya biyo: difloma a Ramat, digirin injiniyan aikin gona a Jami'ar Maiduguri, har ya zama farfesa a can, ya kuma shugabanci Ramat ɗin. Lissafin jami'a kan ba irin waɗannan wuya da farko, amma hannunsu ya san walda, ya san injin sassaƙa ƙarfe, ya san yadda ake kafa na'urar safiyo a kan ƙafafunta uku ta daidaita, abin da wanda ya shigo ta JAMB bai taɓa yi ba. A zaunar da su biyun a tebur ɗaya, wannan ya warware wa wancan lissafi, wancan kuma ya hana wannan ƙona idonsa a wurin walda.